Gidan Ƙasa, Harsashin Dutse: Jinjina Ga Maginan Saji

Yabon gwani ya zama dole. Yau alƙalamina ya nufi kudancin Kano, ƙasar Rano Autan Bawo, domin ya jinjina wa wasu bayin Allah da ba a rubuta sunansu a jikin allon buɗe aiki, ba a kuma taɓa kiran su gaban taro an miƙa musu lambar yabo ba. Ina nufin maginan gargajiya na Saji da Rurum da Zurgu da sauran garuruwan Rano, har zuwa Fammar da Tarai da Durba a ƙasar Kibiya. Tare da su ina jinjina wa magidantan da suka riƙe gidan gado bai zama kufai ba, da iyayenmu mata waɗanda madaɓinsu da farar ƙasarsu suka sa ɗakin ƙasa ya zama abin sha'awa. Duk wanda ya ratsa waɗannan garuruwa ya ga tsohon zaure a tsaye da zankayensa, ya ga soro mai indararo da rumbu mai jinka, to ya san akwai hannun da bai gaji ba. Allah Ya saka wa wannan hannu da alheri.

Cikin ranin da ya wuce na je Saji gaishe da kawuna, na tarar ana tayar da sabon ɗaki a maƙwabta. Dattijon da ke jagorantar aikin ya ba saba'in baya, amma yana durƙushe cikin ramin harsashi yana jera duwatsu. Jakuna ne suka kawo su cikin mangala daga gindin dutse. Sai ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya shi a hannu, ya gwada, ya ajiye, ya ɗauki wani, har sai ya sami wanda ya zauna daram a kan ɗan'uwansa. Ƙanana kuwa ya cusa su a tsakani ya danna da ƙasa.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya ce, "Yauwa ɗana, sannunmu."

Na ce, "Baba, ga tubali can ya bushe yana jiran ka, kai kuma tun jiya kana fama da duwatsun da ƙasa za ta rufe, ba mai ganin su."

Ya ɗago ya dube ni, ya share gumi da bakin rigarsa. Ya ce, "Ɗana, ruwan da ya sauko ta indararo baƙo ne, wucewa yake yi. Wanda ya kwanta a gindin bango shi ne ɓarawo. Wannan dutsen da kake gani shi ne mai gadin gidan."

Sai da ya tayar da dutsen ya wuce doron ƙasa da kusan kamu ɗaya kafin ya yarda a miƙo masa tubali na farko. A ranar na gane cewa abin da muke kira ginin ƙasa ilimi ne cikakke, mai ƙa'ida da lissafi, wanda aka adana a hannu da ido maimakon takarda.

A duba yadda ake shirya ƙasar kanta. Ba kowace ƙasa magini ke yarda da ita ba. Yakan damƙi jar ƙasa a tafinsa, ya jiƙa ta, ya murza, ya san ko tana da danƙo ko yashi ya yi mata yawa. Idan ta yi, sai a haƙo ta, a zuba ruwa, a watsa datsi ko wata busasshiyar ciyawa, samari su shiga su tattaka. A bar ta ta kwana biyu, a sake jiƙawa a sake tattakawa, har ta nuna. Daga nan a cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ranar gini magini na zaune bisa bango kamar mahayi a kan doki, yaro na ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana cafewa yana dasawa, tsini sama, yana bi da kwaɓi. Bango yakan fara da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, domin nauyi ya zauna inda ya kamata. Ba a kuma yi masa gaggawa: a yi sahu kaɗan, a bari ya sha iska, gobe a ɗora.

Wajen rufi ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Azara daga giginya ake faso ta, kuma ta namijin giginya ta fi ƙarfi, gara ma ba ta cika samun ta da sauƙi ba. Sai dai tana da iyaka, domin idan tazarar da za ta ƙetare ta wuce kimanin ƙafa shida, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. Magabata ba su ce to kowa ya haƙura da ƙaramin ɗaki ba. Sun ƙirƙiro dabarar fito da azara daga jikin bango hawa-hawa, kowace tana tallafe da ta samanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarori su haɗu a tsakiya. Abin da ya haifi bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa ke nan, waɗanda ke sa mutum ya shiga soro ya ɗaga kai ya ce tabarakallah. Bayan an shimfiɗa azara da zana an zuba ƙasa, sai a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ta hana ruwa ratsawa. Gidajen masu hali kuwa laso ake yi musu, wato haɗin katsi da gashin jima da dafara. A nan ma Rano na da abin tinƙaho, domin a tarihin Hausa Bakwai ita da Kano ne ake kira sarakunan baba, katsi kuwa daga gindin karofi yake fitowa. Marini ya gama rini, majemi ya gama jima, abin da suka zubar ya zama simintin magini. Babu abin da aka sayo daga wata ƙasa, babu abin da aka yi asara.

Ribar wannan aiki mai gida ne ke cin ta. A tsakiyar bazara, lokacin da ɗakin bulo da kwano ke zama kamar tanda, ka shiga soron ƙasa da azahar ka ji sanyi kamar an yi yayyafi. Kaurin bango ne ke tare zafin rana, ba ya barin sa ya iso ciki sai dare ya yi. Da hunturu kuma ɗumin da bangon ya sha da rana shi yake saki cikin dare. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta: tun kafin a san fanka da na'urar sanyaya ɗaki maginanmu suka san yadda za su zauna lafiya da ranar ƙasar Hausa.

Tsarin gidan ma tarbiyya ne. Zaure shi ne fuskar gida. Nan baƙo ke sallama, nan ake karatun allo, nan ake sulhu da ɗaurin aure da zaman makoki. Ƙofofinsa ba sa kallon juna, saboda haka wanda ke waje ba ya hango tsakar gida. Daga zaure sai shigifa, daga nan sai cikin gida inda iyali ke sakewa. Kunya da mutunci da karɓar baƙo duk an gina su cikin bango. Su kuwa mata, da zarar an ce za a kai amarya, sai a yi gayyar daɓe. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a jeru da madaɓai ana bugu ana waƙa, har daɓe ya yi sumul yana ƙyalli. A shafe bango da farar ƙasa, a yi jere. Wannan ma gwaninta ce, kuma ta cancanci a ambace ta da babbar murya.

Magidanta su ma sun ci yabo. Gidan ƙasa kamar dabbar kiwo yake, kullum yana son ido. Kafin ruwan farko mai gida na ƙwarai zai hau rufi ya duba tsaga, ya share bakin indararo, ya kira magini a yi yaɓe. Kowane tsohon zaure da ke tsaye a Saji yau shaida ne cewa an yi shekaru ana wannan ɗawainiya babu fashi, uba ya yi ya bar wa ɗa. A zamanin da ake auna arzikin mutum da yawan bandir ɗin kwanon da ya saya, wanda ya ce zai gyara soron kakansa ya ci gaba da zama a ciki ya yi jarumta.

Waɗannan magina ba su rasa asali ba. Sana'arsu ita ce ta tayar da ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134. Ita ce ta gina Gidan Rumfa da Gidan Makama a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ita ce ta fito da Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya cikin shekarun 1830, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ginin da har gobe masana ke zuwa su yi nazarin bakan gizonsa. A Jamhuriyar Nijar, wani maginin ƙauye, Alhaji Falke Barmu, ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, kuma a 1986 aikin ya ci lambar Aga Khan ta fasahar gine-gine, ɗaya daga cikin manyan lambobin duniya a wannan fanni. A 2013 Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, kamar yadda ta sanya Sukur ta jihar Adamawa, mai gidaje da hanyoyin dutse, a 1999. Dattijon da na gani cikin ramin harsashi a Saji ɗan wannan gida ne, jikan Babban Gwani a sana'a.

Akwai kuma hukumomi da masana da suka yi abin a yaba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta riƙe Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko ta Nasarawa a 1909. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana kula da Gidan Makama. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginenmu yana zana su, ya kuma jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. An buga aikinsa cikin littafi mai juzu'i uku a 1990. Yaba kyauta tukwici, mun gode musu.

Domin mu san darajar abin da ke hannunmu, bari mu leƙa wani ƙauye a Ingila mai suna Bibury, a yankin Cotswolds. Akwai wani jerin ƙananan gidajen dutse a can da ake kira Arlington Row. An gina shi wajen 1380 a matsayin rumbun ajiye gashin tumaki, sannan a ƙarni na 17 aka mayar da shi gidajen masaƙa. Gidajen talakawa ne, masu gajerun ƙofofi da ƙananan tagogi. Dutsen da aka gina su da shi, mai launin zuma, a nan yankin aka faso shi, har rufin ma fallayen dutse ne da aka jera a kan jinka mai gangara domin ruwa ya zube da sauri. Wato su ma da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu suka yi gini, kamar dai mutanen Saji. Bambancin shi ne abin da jikokinsu suka yi. A 1929 wata ƙungiyar masu kishin fasaha ta saye gidajen ta gyara, a 1949 suka koma hannun ƙungiyar National Trust, kuma har yau akwai mutane a ciki suna zaune. Tun daga dokar 1947 gwamnatin ƙasar ke da rajistar tsofaffin gine-gine, wanda duk gidansa ya shiga ciki ba zai rushe ko ya sauya fasalinsa ba sai da izini. Yau masu yawon buɗe ido daga sassan duniya na tururuwa zuwa ganin gidajen masaƙan nan, har an taɓa sa hotonsu a cikin fasfon Birtaniya. Gidan masaƙi ya zama abin alfaharin ƙasa saboda an sami waɗanda suka ce ba za a bar shi ya faɗi ba.

To, in kana da kyau ka ƙara da wanka. Jinjinar nan ba za ta cika ba sai an faɗi abin da ya rage, kuma yana da yawa.

Gaskiya ɗaya ce, ginin ƙasa na da rauni. Duk damina muna jin labarin ɗakin da ya rufta wa iyali cikin dare, kuma babu wani kyan zanko da ya kai ran yaro ɗaya. Wasu tsofaffin ɗakunan duhu gare su, iska ba ta ratsa su. Kududdufin da aka haƙi ƙasa a ciki yakan zama matattarar sauro da shara. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kawo kuɗi yankin Kadawa da Kura da Bunkure da maƙwabtansu, kuma manomin da ya sayar da shinkafa ko tumatir ya sayi bulo da kwano ba wauta ya yi ba, hutu yake nema daga yaɓen kowace shekara. Saboda haka aikin farko yana kan maginan da kansu. Harsashin dutsen da na gani a Saji ya kamata ya zama doka a kowane gini, ba sai mai gida ya roƙa ba. A faɗaɗa tagogi, a tsawaita indararo domin ruwa ya faɗi nesa da bango, a yi wa kowane gida magudana. Kada kuma a ƙi sabon abu don kawai sabo ne. A garin Dandaji na jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun haɗa kai da maginan garin, suka gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da ake matsewa a inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Ƙasa ce dai irin tamu, ilimin zamani ya ƙara mata ƙarfi.

Aiki na biyu ya fi na farko gaggawa, shi ne gado. Na tambayi dattijon nan ina 'ya'yansa, ya ce ɗaya na acaɓa a Kano, ɗaya ya koma ginin bulo. Bai faɗa da ɗaci ba, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Duk gwanin da aka binne bai koyar da ɗaurin guga ba, an binne shi da littafin da babu kwafensa. Ya ku iyayenmu magina, ku buɗe hannu. Ku karɓi yaran unguwa ko da ba na jininku ba ne, ku nuna musu sirrin makuba da laso tun ƙarfinku bai ƙare ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Magidanta kuma, ina roƙon ku da ku yi hattara da siminti. Na ga wani gida da mai shi, cikin kyakkyawar niyya, ya shafe tsohon bangon ƙasa da siminti domin ya huta. Shekara biyu abin ya yi kyau. Ashe ruwa na shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, yana cin ƙasar daga ciki. A damina ta uku simintin ya ɓalle kamar ɓawon gyaɗa, bangon ya biyo shi. Masu gyaran tsofaffin gidajen dutse a Ingila sun sha irin wannan darasi, shi ya sa suka koma amfani da kwaɓin farar ƙasa da magabatansu suka yi gini da shi, domin yana barin danshi ya fita. Bangon ƙasa da ƙasa ake yi masa magani. Wanda kuma Allah Ya hore masa zai gina na bulo, ya gina a gefe, ya bar zauren gado a tsaye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Masarautar Rano, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure, tana da rawar da babu mai iya taka mata. Hakimai da dagatai da masu unguwanni sun san kowane tsohon masallaci, kowane zauren malami, kowane gidan sarauta da ragowar ganuwa a ƙasarsu. A umarce su su kawo jerin sunayensu, a ɗauki hoto, a rubuta wanda ya gina da zamanin da aka gina, tun dattawan da suka sani suna raye. A ɗaga darajar sarautar Sarkin Magina, a riƙa shawara da shi. A ware rana ɗaya kafin damina a yi gayyar yaɓen gine-ginen da ke cikin wannan rajista, kamar yadda mutanen Jenne a ƙasar Mali ke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu duk shekara su yaɓe babban masallacinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙananan hukumomi su kuma su ware ɗan abin da za a sayi azara a biya gwanaye, su kuma fara gina wasu ayyukansu, ko da rumfar kasuwa ce ko ɗakin karatu, da ingantacciyar ƙasa da dutsen yankin, domin jama'a su gani da ido cewa ginin ƙasa ba tambarin talauci ba ne.

Makarantu ma kada a bar su a baya. A cikin garin Rano akwai makarantar fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Ina wurin da ya fi ta dacewa da a gayyato tsofaffin magina su koyar, a ba su alawus, a ba ɗalibansu takardar shaida? Sassan koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da jami'ar Wudil su turo ɗalibai Saji da Rurum da Kibiya su auna, su zana, su gwada ƙarfin tubali da makuba a ɗakin bincike. Gwamnatin Jihar Kano kuma ta faɗaɗa kulawarta ta wuce badala, domin tarihin Kano bai ƙare a ƙofar Nasarawa ba.

Akwai aiki ɗaya da ya rataya a wuyan kowa, shi ne shuka. Babu azara sai da giginya, babu makuba sai da ɗorawa, kuma dukkansu muna sara ba ma mayarwa. Giginya na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa fasawa, don haka wanda ya binne ƙwallonta a gefen gonarsa bana jikansa ya yi wa tanadin rufi. Azarar da ke kan mu yau ma wani ne ya bar mana ita.

Ranar da zan bar Saji na sake biyawa ta wurin ginin. Bango ya kai kafaɗa, duwatsun nan duk sun ɓace a ƙarƙashinsa, sai sahu ɗaya da ya leƙo. Dattijon na zaune a sama, wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, jikan maƙwabcinsa, yana cilla masa tubali. Na ji ya ce wa yaron, "Hawo nan ka dasa wannan da kanka, in gani." Yaron ya hau tsani jiki na rawa, ya dasa, ya karkace. Dattijon ya kama hannunsa ya gyara masa, bai ce komai ba, ya miƙa masa na biyu.

Sannunku da aiki, maginan ƙasar Rano. Allah Ya ƙara wa hannuwanku albarka, Ya ba ku magada, Ya kuma ba mu ikon riƙe abin da kuka gina.